Dafa Burukutu a Gida: Amfaninsa da Illarsa ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

A garuruwa da ƙauyuka da dama na Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Taraba da Adamawa, dafa burukutu tsohuwar sana'a ce ta mata, wadda 'ya ke gada wajen uwarta. Haka abin yake a arewacin Ghana inda ake dafa fito, da arewacin Kamaru da kudancin Chadi inda ake kiransa bilbil. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ɗakin awo mu riƙa jin tambayoyi guda uku: Shin zan iya shan kaɗan tunda na gida ne? Shin zan ci gaba da dafawa ina da ciki? Shin gaskiya ne yana ƙara jini kuma yana kawo ruwan nono?

Mun san Musulunci ya haramta giya, coci-coci da yawa ma suna hana mabiyansu, kuma a jihohin da suka kafa Shari'a tun daga shekarar 2000, irin su Zamfara da Kano, doka ta hana sana'ar. To amma asibiti na kowa ne, kuma aikinmu shi ne mu faɗa miki abin da ya shafi lafiyarki da ta abin da ke cikinki. Ko da ba kya sha, ki daure ki karanta har ƙarshe. Wataƙila kina da maƙwabciya ko 'yar'uwa da bayanin zai amfana, kuma akwai ɓangaren da ya shafi kunun zaƙi, wanda kusan kowane gida ke yi.

Yadda ake dafa shi

Sai mun san yadda ake yin abu kafin mu gane inda amfaninsa da haɗarinsa suke. Da farko ana jiƙa dawa, wani lokaci da gero, ta kwana a ruwa. Sai a tsame a baza a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ta yi tsiro. A shanya tsiron ya bushe, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa. Sai a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa na awoyi masu yawa, a tace, a bar shi ya huce. Daga nan a zuba ragowar tsohon burukutu, wanda ke ɗauke da yis, a rufe. Wasu kan ƙara garin rogo don ya yi auki. Aikin gaba ɗaya kan ɗauki kusan mako guda.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar shi ne, tsiro yana mayar da sitacin dawa ya zama sukari, yis kuma yana cinye sukarin ya fitar da barasa da iska. Iskar nan ce ke sa ki ga yana kumfa kamar yana tafasa alhali babu wuta. Barasar da ke fitowa kuwa iri ɗaya ce da wadda ke cikin giyar kwalba da ogogoro, ba ta da wani bambanci. Yawanta a burukutu kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Kuma da yake yis ɗin yana nan da ransa, burukutun da aka sha da safe ba ƙarfinsa ɗaya da wanda aka sha da yamma ba. Babu wata takarda a jikin tulu da za ta gaya miki ƙarfinsa.

Amfanin da ake samu

Ba za mu ɓoye ba, akwai dalilan da suka sa mata ke riƙe da wannan sana'a.

Na farko shi ne kuɗin shiga. Mata da yawa da ita suke biyan kuɗin makarantar yara, su zuba adashi, su sayi magani, musamman zawarawa da waɗanda mazajensu ba su da aikin yi. Jarin ba shi da yawa, dawa kuma ta gona ce, sannan mace tana yi a cikin gidanta tana duba yaranta.

Na biyu, mai dafawa ta san abin da ta zuba. Idan mai tsabta ce da amana, ta san hatsinta, ta san ruwanta. Doguwar dahuwar da ake yi tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, tsamin ma yana hana wasu yaɗuwa.

Na uku, da yake ba a tace shi ƙal, yana ɗauke da ragowar hatsi da yis, don haka akwai ɗan abin ƙara kuzari da wasu sinadaran bitamin B a ciki. Shi ya sa manomi kan ce ya sha ya ƙoshi. Ƙarfinsa kuma bai kai na ogogoro ba ko kusa.

Na huɗu, dusar da ta rage abinci ce mai kyau ga aladu, awaki da kaji. Sannan a al'adun ƙabilu da yawa yana da matsayi a wajen gayya, biki da makoki.

To amma ki lura da abu guda. Kuɗin, da dusar, da matsayin al'ada, duk amfanin manya ne. Abincin da ke cikinsa kuwa, za ki same shi ninki a kunu, koko, fura da tuwon dawar nan ɗin, ba tare da barasa ba. Babu amfani ko guda ɗaya da ke isa ga jaririn da ke ciki wanda sai ta hanyar burukutu zai same shi.

Abin da barasa ke yi wa jaririn da ke ciki

Wannan shi ne babban abin da muke so ki riƙe. Jaririnki yana samun abinci da iska daga jininki ta hanyar mabiyiya da igiyar cibiya. Mabiyiya tana tare wasu abubuwa masu cutarwa, amma ba ta tare barasa. Cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan kin sha, yawan barasar da ke jinin jariri ya kusa daidai da wanda ke jininki. Ke kina da hanta babba da za ta sarrafa ta. Shi hantarsa ba ta ƙosa ba. Ƙari a kan haka, barasar kan shiga ruwan da yake kwance a ciki, ya haɗiya, ya fitsarar, ya sake haɗiya. Saboda haka ko bayan ke kin wartsake, shi yana nan a cikinta.

A watanni uku na farko ne ake halittar fuska, zuciya, ƙoda da sauran gaɓoɓi. Tushen ƙwaƙwalwa da laka yana haɗuwa ne tun cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da girma har ranar haihuwa da bayanta. Shi ya sa babu watan da za a ce an tsallake haɗari.

Abubuwan da shan barasa kan jawo sun haɗa da ɓari, haihuwar bakwaini, haihuwar jariri marar nauyi, da mutuwar jariri a ciki. Wanda aka haifa da rai kuma yana iya zuwa da wata larura da likitoci ke kira larurar barasa ta ɗan tayi. Wani likitan yara a ƙasar Faransa mai suna Paul Lemoine ne ya yi bayaninta a 1968, bayan ya duba yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne. A 1973 wasu likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka sa mata sunan da aka san ta da shi yau. Alamunta su ne ƙaramin kai, ƙananan idanu, siririn leɓen sama, shafewar ɗan kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe, da rashin girma yadda ya kamata. Wasu kan zo da ciwon zuciya ko matsalar ji da gani.

Sai dai yaran da suka fi yawa su ne waɗanda fuskarsu ba ta nuna komai. An haife su kamar kowa, an yi suna, an yi murna. Sai sun shiga makaranta a ga yaro ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, yana da saurin fushi, ba ya gane lissafi, an faɗa masa abu yanzu ya manta anjima. A yi ta dukansa ana cewa taurin kai ne, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni tun yana ciki. Wannan rauni ba ya warkewa. Ana iya taimaka wa yaron da kulawa da koyarwa ta musamman, amma babu allura ko ƙwaya da za ta mayar da abin da ya lalace.

Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara alƙaluma daga ƙasashen duniya, ya ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 tana shan barasa da ciki, kuma ana haihuwar yara wajen 119,000 kowace shekara da cikakkiyar larurar. Saboda girman abin, tun 1999 ake ware ranar 9 ga watan 9 don tunatar da duniya cewa watanni tara na ciki watanni ne na ƙaurace wa barasa. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: babu wani adadin barasa da aka tabbatar ba ya cutarwa ga mai ciki. Daɗin abin shi ne, larura ce da ake iya kauce mata ɗari bisa ɗari. Uwar da ba ta sha ba, ɗanta ba zai same ta ba.

"Ai ƙwarya ɗaya ce kawai"

Bari mu yi lissafi. Ƙwaryar da ke cin lita ɗaya, idan burukutun yana da ƙarfin kashi 4 cikin 100, tana ɗauke da mililita 40 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da mililita 30. Kin ga ke nan ƙwarya ɗaya ta fi kwalba ɗaya. Da yake burukutu yana da araha kuma yana da kauri kamar kunu, mutum kan sha ƙwarya biyu ko uku yana ganin abinci ya ci. Shan mai yawa a zama ɗaya, kamar ranar kasuwa ko ranar biki, shi ne ya fi yi wa ƙwaƙwalwar jariri ɓarna.

Haɗarin aikin kansa, ko da ba ki sha ba

Ɗanɗanawa: Mai dafawa kan ɗanɗana don ta ji ko ya yi, masu saye kuma kan ce ta fara kurɓa. Kurɓi nan, kurɓi can, kafin dare ya taru.

Hayaƙi da zafi: Dahuwar tana cin itace mai yawa da awoyi masu yawa a gaban murhu. Shaƙar hayaƙin itace kullum yana rage iskar da ke isa ga jariri, yana cikin abubuwan da ke jawo haihuwar jariri marar nauyi, yana kuma jawo tari da ciwon huhu ga ke da yaran da ke goye ko suke wasa kusa. Zafin wuta da gumi suna ƙarar da ruwan jiki, su kawo jiri da faɗuwa.

Ɗaukar kaya: Ɗebo ruwa, faskare, ɗaga manyan tukwane da doguwar tsayuwa suna ƙara ciwon baya da kumburin ƙafa. Ga wadda ta taɓa ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko take ganin jini, ko take da hawan jini, irin wannan aiki bai dace ba sam.

Yara ƙanana: Tukunya mai tafasa a ƙasa da randa a buɗe tarko ne ga yaro mai rarrafe. Ƙuna da faɗawa cikin ruwa suna faruwa ne cikin ƙiftawar ido. Haka kuma kada a bar yara su tauna ɗanyen tsiron dawa, domin tsiron da saiwoyinsa suna ɗauke da guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Kada kuma a ba yaro burukutu don ya yi barci ko don tari. Barasa kaɗan tana iya sauke sukarin jinin yaro, ya suma ko ya yi jijjiga.

Taron mashaya a gida: Inda ake sayarwa a tsakar gida, akwai hayaniya har dare, hayaƙin taba, faɗa, da zama a matse da masu tari, wanda ta nan ne tarin fuka ke yaɗuwa. Mai ciki tana bukatar hutu da barci.

Abin da kan shiga tukunya ba a sani ba

Hatsi mai fumfuna: Akwai masu ganin dawa ko masarar da ta lalace, wadda ba za a yi tuwo da ita ba, ta isa a yi giya. Wannan kuskure ne babba. Fumfuna tana fitar da guba mai suna afulatokzin wadda ke lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. A 2004 gubar nan ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. A watan Janairun 2015 kuma, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gida a wajen makoki, har da matar da ta dafa. Da farko an yi zargin sammu ne ko an zuba guba da gangan. Bincike ya nuna garin masarar da aka yi amfani da shi ne ya lalace, wata ƙwayar cuta ta yaɗu a ciki ta fitar da guba.

Duro da gwangwani: Da can tukunyar ƙasa ake amfani da ita. Yanzu wasu sun koma duron ƙarfe, wani ma an taɓa zuba fenti, man mota ko maganin ƙwari a ciki. Tsamin burukutu yana cin ƙarfe, ya narkar da tsatsa da duk abin da ya maƙale. A ƙasashen kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano cewa masu shan giyar da aka dafa a duron ƙarfe shekara da shekaru, ƙarfen kan taru a hantarsu ya lalata ta.

Ruwa: Dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma idan aka sirka da ɗanyen ruwa daga baya don ya yi yawa, ko aka wanke ƙore da ruwa guda tun safe, an koma gidan jiya. Ta nan taifot, kwalara da ciwon hanta nau'in E ke shiga. Wannan na ƙarshe yana da tsanani ƙwarai ga mai ciki. A watanni ukun ƙarshe yana iya kashe mace 1 cikin 4 ko 5 da suka kamu. An ga haka a Difa ta Jamhuriyar Nijar a 2017.

Ƙarin ƙarfi: Don jawo masu saye, wasu kan zuba ogogoro, goskolo, ƙwayoyi ko saiwoyi. Haɗarin a nan shi ne wata barasar masana'antu mai suna metanol, wadda ke makantarwa kuma take kisa. A watan Afrilun 2015 ta kashe aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan a watan Yunin wannan shekarar ta kashe wasu gommai a Jihar Ribas. Ba a gane ta da ido ko da ɗanɗano.

Maganganun da ake yi, da gaskiyar lamari

"Yana ƙara jini." Jan launinsa na dawa ne, ba jini ba ne. Barasa tana hana jiki amfana da folik asid, wanda ake bukata wajen yin jini da haɗa lakar jariri, tana kuma kashe sha'awar abinci. Abin da ke ƙara jini shi ne ƙwayoyin da muke ba ki a wajen awo, da wake, zogale, alayyahu, kifi, nama da ƙwai, tare da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da kwana cikin gidan sauro.

"Yana kawo ruwan nono." Barasa tana shiga nono, ta kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa 60 bayan an sha. Tana danne sinadarin da ke sa nono ya zubo, kuma bincike ya nuna jarirai kan sha ƙasa da abin da suka saba da kusan kashi 20 cikin 100 a awoyin da suka biyo baya. Uwa kan ji nononta ya cika ta ɗauka ƙaruwa ya yi, alhali fita ce bai yi ba. Barcin jaririn ma kan zama gajere. Tatsar nono a zubar ba ta cire barasar, sai ta bar jinin uwa. Abin da ke kawo nono shi ne sa jariri a nono tun awa ta farko, ba shi dakashi, shayar da shi akai-akai dare da rana, da cin abinci da shan ruwa. Kunun gyaɗa da koko sun wadatar. Uwar da ta sha kuma kada ta kwanta shimfiɗa ɗaya da jariri, don tana iya danne shi ba ta sani ba.

"Yana rage zafin naƙuda." Ba ya ragewa. Yana kawo amai da jiri, jariri ya fito a galabaice, kuma idan ta kama a yi aiki, yana rikita maganin barci. Haka maganin gargajiyar da aka jiƙa a cikin ogogoro, shi ma barasa ce.

"Kakata ta sha, ta haifi goma lafiya." Jikin kowa daban ne, ƙarfin abin da aka sha daban, abincin da aka ci daban. Babu mai iya gaya miki tun yanzu wane jariri ne zai tsira. Kuma a da ba a haɗa ɓari ko rashin fahimtar yaro da abin da uwa ta sha.

Idan kin riga kin sha

Kada ki tsorata, kada kuma ki ɓoye. Mata da yawa sun sha kafin su san suna da ciki, suka daina, suka haifi lafiyayyun yara. Duk ranar da kika daina, daga ranar jaririnki ya fara amfana. Ki gaya wa ungozomar da ke duba ki yawan abin da kike sha da kuma tun yaushe. Ba za a yi miki faɗa ba, kuma sirrinki ne.

Idan kuwa kina sha kullum, har idan ba ki sha ba hannunki na rawa, kina gumi, ko barci ya gagara, kada ki yanke lokaci ɗaya ke kaɗai a gida. Hakan na iya kawo jijjiga. Ki zo asibiti a taimaka miki ki daina cikin kulawa. Ki sani kuma barasa ba ta jituwa da magunguna irin su Flagyl, maganin tarin fuka da farasitamol mai yawa.

Idan sana'arki ce

Abin da ya fi shi ne ki ajiye ta har ki haihu ki yaye. Idan babu hali, to ki kiyaye waɗannan:

1. Kada ki ɗanɗana. Ki sa wani babba ya yi.
2. Ki samu mai taya ki ɗebo ruwa, faskare da ɗaga tukunya, musamman daga wata na shida.
3. Ki dafa a fili inda iska ke kaɗawa, da busasshen itace, kada ki tsaya ta inda hayaƙi ke bi. Ki riƙa zama kina shan ruwa.
4. Ki zubar da duk hatsin da ya yi fumfuna, ya canja launi ko yake wari.
5. Ki yi amfani da tukunyar ƙasa ko wadda aka yi don abinci. Ban da duron da ba ki san abin da ya taɓa ɗauka ba.
6. Kada ki sirka da ɗanyen ruwa, kada ki ƙara komai don ƙarfi.
7. Ki kange murhu, ki rufe randa, ki nisanta yara.
8. Kada ki sayar wa mai ciki, mai jego ko yaro.
9. Kada ranar dahuwa ko ranar kasuwa ta hana ki zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Ki kuma yi tunanin wannan: hannun da ya iya jiƙa dawa, ya fitar da tsiro, ya san dahuwa, ya riga ya iya kunun zaƙi. Kayan aikin kusan ɗaya ne, wahalar wuta ba ta kai ba, masu saye kuma sun fi yawa, domin Musulmi da Kirista, yaro da babba, kowa yana sha. Ga kunun gyaɗa, kunun aya, zoɓo, koko da ƙosai.

Kunun zaƙi ma yana da ƙa'ida

Kunun da aka yi yau aka sha yau abinci ne mai kyau ga mai ciki. Amma idan ya kwana biyu a zafi, ya fara kumfa, robar ta kumbura, ko ya yi wani kaifi a harshe, to yis ya fara aikinsa, kuma ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa. Ki zubar. Ki yi kunu da tafasasshen ruwa, ki kiyayi wanda aka ɗura a tsofaffin robobin da aka tsinto. Mai ciwon sukari ta nemi shawara a kan yawan da za ta sha.

Gare ka maigida, da ke uwar miji

Cikin nan na gida ne gaba ɗaya. Maigida, da wuya mace ta daina abin da ake sha a gabanta kullum. Idan kana sha, ka rage ko ka daina tare da ita, kuɗin kuma ka tara don kayan haihuwa da kuɗin mota ranar naƙuda. Naƙuda ba ta sallama, kuma tana bukatar ka cikin hayyacinka idan ta zo da tsakar dare. Duka ko turi ga mai ciki yana iya ɓalle mabiyiya, a rasa uwa da ɗa. Iya, ke ce ake jin maganarki a gida. Idan aka miƙo wa surukarki ƙwarya a wajen biki, ke ce za ki ce a kawo mata kunu, babu wanda zai ga laifinta.

A garzaya asibiti idan aka ga waɗannan

Ga duk wanda ya sha giyar gida: gani dishi-dishi, ciwon kai mai tsanani, amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama ko rikicewa, ko da bayan awa 12 zuwa 24 ne. Haka idan mutum biyu ko fiye da suka sha tare suka kwanta ciwo. A taho da ragowar abin da aka sha. Kada a tsaya ba da manja ko madara.

Ga mai ciki: zubar jini, fashewar ruwa, ciwon mara kafin lokaci, raguwar motsin jariri, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, ko idanu su yi ɗorawa.

Ga yaro: idan ya sha, ko da yana barci ne kawai, a kawo shi.

'Yar'uwa, rigakafi ya fi magani. Wata tara da lokacin shayarwa ba su da yawa idan aka gwada da rayuwar da ɗanki zai yi da ƙwaƙwalwar da kika tsare masa. Duk mai tambaya ta same mu a ɗakin awo a ranakun aiki. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa.